Fulash ɗin Kawu da yadda na fitar da labaransa zuwa wayoyin mutane

Abin ya faro ne ranar sunan ɗan yayata, wajen ƙarshen 2022, ana cikin cin waina Kawu ya ja ni gefe ya zaro wani fulash daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda sai ka ce laya. Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, kuma ya daɗe yana rubuta gajerun labarai da wasu wasiƙu na barkwanci, in ya tara sai ya kai bizines santa a buga masa a kwamfuta, da niyyar wata rana zai kai maɗaba'a a yi littafi. Kuɗin takarda ya hana. Ya ce min, kai da kullum kake latse-latsen nan, ka zuba min su a intanet ɗin nan mutane su karanta kafin ƙasa ta rufe min ido. Na ce haba Kawu, Allah ya ƙara nisan kwana, wannan ai aikin sati ɗaya ne. Wata bakwai abin ya ci min.

Da na koma gida na soka fulash ɗin a laftof na buɗe fayil na farko, wallahi na ɗauka kwamfutar ce ta kamu da cuta. Layin farko ma cewa yake wai a wata }asa an yi wani ~arawo mai ]an karen wayo. Duk inda ya kamata a ga ƙ sai ka ga baka mai lanƙwasa, inda ɗ take sai baka mai kusurwa, ɓ kuma wata 'yar igiya ce a kwance. Na rufe na sake buɗewa, na kai fayil ɗin wata kwamfutar a wajen aiki, duk kanwar ja ce. Sai da na je wajen wani dattijo da ya daɗe yana harkar ɗab'i ya leƙa allon ya yi dariya ya ce yaro ba abin da ya samu fayil ɗinka, da tsohon zubin harafi aka buga shi. Ya yi min bayani cewa lokacin da kwamfuta ta shigo babu haruffan nan namu masu ƙugiya a cikinta kwata-kwata, sai masana suka yi dabara, suka ƙirƙiri zubin harafi na musamman, irin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, wanda in ka danna wata alama da ba a cika amfani da ita ba sai ya zana maka harafin Hausa a gurbinta. A takarda abin yana fita tsaf, kuma da shi aka buga littattafai masu yawa, ya yi wa Hausa rana sosai. Amma a cikin cikin kwamfutar alamar nan tana nan a matsayin baka, riga kawai aka saka mata, ranar da fayil ya je inda babu wannan zubin sai rigar ta zame.

Maganin shi ne a mayar da komai Unicode, wato tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, ƙ ɗinmu tana da tata, ɗ da ɓ ma haka, manya da ƙanana. A Word akwai wajen nemo-ka-musanya, Ctrl da H, ka saka alamar a sama ka saka harafin gaskiya a ƙasa ka ce a canza duka. Sau shida ake yi wa kowane fayil, uku na ƙanana uku na manya. Fayil arba'in da 'yan kai ne a fulash ɗin. Na yi guda goma da hannu na gaji, sai na koyi naɗar aikin a abin da ake kira makro, ka yi sau ɗaya kwamfuta ta haddace, sauran ka danna kawai.

Ina murna na gama ashe akwai kashi na biyu. Rabin fayilolin wani yaron daban ne ya buga su, shi kuma nasa zubin q ce ƙ, x ce ɗ, v ce ɓ, irin yadda har yanzu za ka ga wasu suna rubuta qasa da xaya da vangare. Na ce wannan ai ya fi sauƙi, na sake yin musanya na wuce ban karanta ba. Auta ce, ƙanwarmu, da na tura mata ta duba, ta kira ni tana dariya har da shaƙewa, ta ce Yaya wai me ya sa mutumin nan da ya sauka a tashar Legas ya hau taɗi? Na duba. Taxi ne Kawu ya rubuta. Haka TV ta koma TƁ, unguwar Victoria ta koma Ɓictoria, duk wata kalmar Turanci da ta ratso cikin labarin na yi mata kaciya. Daga ranar na daina danna canza duka a irin waɗannan fayilolin sai na fara neman kalmomin aro na ware su.

Akwai kuma ɗan waƙafin sama na 'ya'ya da 'yan, wannan ƙaramin abu ya ci min rai fiye da girmansa. In ya zo a farkon kalma Word ɗauka yake za ka buɗe zancen wani ne, sai ya juya shi ta bai-bai, a shafi ɗaya ka ga wani ya kalli gabas wani ya kalli yamma. Na shiga saitin gyaran kai-tsaye na kashe lanƙwasa shi, na mayar da duka miƙaƙƙu. 'Yan uwanmu na Nijar sun huta da wannan, su ƴ suke rubutawa da ƙugiyarta, harafi ɗaya ba rataye-rataye, ni dai na tsaya a kan namu na Najeriya tunda haka Kawu ya koyar da yara shekara da shekaru kuma na san in na canza sai na sha tambaya.

Shi kansa buga haruffan sabo sai da na nemi hanya. A waya ba wahala, in kana da Gboard ka shiga harsuna ka ƙara Hausa shikenan haruffan sun samu. A laftof ne na ɗan yi yawo, da farko kwafowa nake daga wani fayil da na ajiye su ina liƙawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsaba, sai na gano a Word in ka buga 0199 ka danna Alt da X sai ta rikiɗe ta zama ƙ, 0257 ta ba ka ɗ, 0253 ta ba ka ɓ, to amma wa zai rubuta labari yana lissafi. Daga baya na sauke Keyman, kyauta ne, na saka kibod mai haruffanmu, na huta.

Gyaran rubutun a Google Docs muka yi shi ni da Auta, don ita tana makaranta a wani garin ni ina nan. Abin da ya burge ni akwai yanayin da in ta gyara abu ba ya gogewa, sai ya fito da launi a matsayin shawara, ni in karɓa ko in ƙi, kuma ko an yi ɓarna ana iya komawa yadda rubutun yake jiya ko shekaranjiya. Yawancin faɗanmu a kan raba kalma ne, ita ta saba da rubutun WhatsApp, yace tace zata duk a haɗe, ni kuma na dage sai ya ce, ta ce, za ta, saboda na san mai labarin da jan biro ya tsufa. Ta ce Yaya ba mai lura da wannan fa. Na ce mutum ɗaya zai lura kuma shi ne ya ba ni fulash ɗin.

To daga nan ne na shiga abin da a lokacin nake ganin shi ne ainihin aikin, wato gina shafi. Na kwana biyu ina kallon bidiyoyin YouTube na Turawa da Indiyawa, kowa na cewa ka sayi sunan shafi, ka kama hayar wajen ajiya, ka ɗora WordPress, manhajar da ake gina shafi da ita. Na zaɓi wani kamfanin waje na cika komai na zo biya kati ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Lokacin ne bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya, ni ban ma san da zancen ba tunda ban taɓa sayen komai da dala ba. Wani abokina ya ce in ba shi naira ya biya min da nasa katin na dala, na kusa yarda, sai na tuna ba sau ɗaya ake biya ba, duk shekara ne, kuma sunan shafin zai zauna a hannun wani. Na nemi kamfanin gida cikin waɗanda NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen shafukan Najeriya, ta amince su yi rajistar suna mai ƙarewa da .ng, na ɗauki .com.ng don ya fi araha, na biya da tiransifa. Wannan shawarar kam na gode wa Allah da na yanke ta, don bayan an saki naira a watan Yunin 2023 dala ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024, da a dala nake biya da tuni shafin ya zama tarihi.

Ɗora WordPress ɗin kansa minti biyar ne, akwai maɓalli a cikin cPanel, wajen da masu hayar ke ba ka don sarrafa shafinka, ka danna ya yi komai. Rigar shafin, wato tsarin da ke ba shi kamanni, ita ce ta ɗauke min hankali. Na ga wata mai kyau irin ta manyan mujallu, hotuna na zamewa, rubutu na shigowa ta gefe, ta kuɗi ce kuma da dala, sai wani a wani guruf ya turo min ita wai kyauta an fasa makullinta. Na karɓa har da godiya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Na ɗora labarin farko na buɗe a laftof ina jin kaina, sai na ga kanun labarin wani iri, duk haruffan siraran ne masu gayu amma ƙ ɗin ciki ta fito ƙatuwa baƙa kamar baƙuwa a gidan biki. Dalili zubin harafin da rigar ta zo da shi ba a zana masa haruffanmu ba, in burauza ta zo kansu sai ta aro daga wani zubin ta cike gurbi, a wasu wayoyin ma ba aro, ɗan akwati kawai za ka gani. Yanzu kafin in ɗauki kowane zubi sai na gwada shi da jimla ɗaya da na tanada, Ɗan Ƙauye ya ɓata ƙwarya, Ɓarawo ya ɗauka, in duka shidan suka fito daidai da 'yan uwansu to mun shirya. Waɗanda ba su taɓa ba ni kunya ba su ne Noto na Google, wanda dama an yi shi ne don kawar da akwatunan nan, sai Charis da Andika da Gentium na SIL, duk kyauta. Na bar gayu na ɗauki Noto.

Sai adireshin labari. WordPress daga kanun yake ƙirƙiro shi, to in akwai ƙ a kanun, da ka kwafo adireshin ka liƙa a WhatsApp sai ka ga %c6%99 a tsakiya, ɗ ta zama %c9%97, adireshi ya yi tsawo ya yi kama da irin wanda 'yan damfara ke turowa. Wata gwaggonmu ta ƙi taɓawa ta ce an hana su danna irin wannan. Dole kowane labari in shiga in gyara adireshinsa da hannu da k da d da b zalla. Haka wajen bincike na cikin shafin, mutum zai rubuta kauye ba ƙugiya, shafin ya ce masa babu, alhali labari uku na maganar ƙauye. Abin da na yi shi ne a alamomin da ake rataya wa kowane labari da 'yar gabatarwarsa nake saka kalmar ta fuska biyu inda ya kama, ba kyau a ido amma ana samun abin da ake nema.

Na gama duk wannan, wata na huɗu kenan, na tura wa dangi da abokai, na zauna ina jiran ruwan yabo. Shiru. 'Yan ƙalilan suka ce ma sha Allah, kuma na san ba su karanta ba. Da Auta ta zo hutu na tsare ta na ce ke ko ke ba ki buɗe ba. Ba ta ce komai ba ta miƙo min wayarta, wata 'yar itel da gilashinta ya tsage, ta ce Yaya buɗe da kanka. Na danna. Muna tsaye a tsakar gida abu na ta juyawa, hoton sama ya fito rabi, rubutun bai zo ba, can sai saƙo ya shigo wai datarta ta kusa ƙarewa. Ta karɓe wayarta ta ce ka gani, ni da datar da zan buɗe wannan sau ɗaya na karanta littafi guda a guruf. Ta nuna min yadda suke yi, marubuciya ta turo shafin yau a WhatsApp a matsayin saƙo kawai, ko a haɗa littafin duka a fayil ɗaya, ka sauke sau ɗaya da daddare lokacin garaɓasar data ka yi ta karatu ko babu sabis.

Gaskiya ranar jikina ya yi sanyi. Wata huɗu ina gini a laftof da wayfai ɗin ofis, ban taɓa buɗe shafin a irin wayar da mutanen da nake so su karanta suke riƙewa ba. Na fara rage kaya. Hotunan da na ɗora kai tsaye daga kyamara kowanne ya haura megabayit uku, na bi su da Squoosh na matse su na mayar da su WebP, wanda WordPress ke karɓa tun 2021, kowanne ya dawo ƙasa da kilobayit ɗari kuma ido ba ya ganin bambanci a waya. Na kashe zamiyar hotuna, na cire fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi, wajen takwas da ban ma san aikin wasu ba. Na sayi tsohuwar waya ta hannu a kasuwa na ajiye ta musamman don gwaji, da Opera Mini a kai, in abu bai buɗe a kanta ba to bai buɗe ba.

Sannan na koma wajen fayil, wanda shi ne ashe abin da ake so. Nan ma sai da na yi tuntuɓe. Na karanta cewa EPUB shi ne tsarin littafin waya na gaskiya, rubutu na bin girman allo, mai karatu ya ƙara girman harafi yadda yake so, kuma haka ne. Na sauke Calibre, kyauta, na juya labarai goma na farko suka zama littafi mai kyau har da jerin babi. Na tura wa mutum goma sha biyu, tara suka dawo da amsa iri ɗaya, ba ya buɗewa. Sai an sauke wata manhaja daban, wayar kuma ba wuri, sai an goge hotunan biki. Na haƙura na koma PDF da kowa ya sani. PDF ɗin farko a girman A4 na fitar, a waya rubutun ya zama kamar tururuwa, sai mutum ya yi ta ja da yatsa biyu yana kai wa dama da hagu. Dabarar da ta yi aiki ita ce in mayar da takardar kanta ƙarama, A6, gefe siriri, harafi 12, yadda shafi ɗaya zai cika allon waya daidai a karanta ba ja. Shafuka sun yi yawa amma wa ya damu, ba bugawa za a yi ba. A LibreOffice nake fitarwa, kuma PDF yana tafiya da zubin harafinsa a ciki, don haka ƙ ɗina ƙ ce a kowace waya. Littafin farko duka bai kai megabayit ɗaya ba. EPUB ɗin ma ban yar ba, yana nan a shafin ga mai so, akwai wasu 'yan jami'a biyu uku da suke tambaya.

Bango a Canva na yi, a waya ma. Nan ma jimlar gwajin nan ta yi min amfani don yawancin zubin gayu na ciki da na gwada ba su da ƙugiya. Kuma na koyi yin sunan littafin da manyan haruffa sosai, saboda a WhatsApp bangon bai fi girman tambarin wasiƙa ba.

Maganar kuɗi Kawu da farko cewa ya yi shi ba ya so, a raba fisabilillahi. Na ce Kawu hayar shafin fa duk shekara ce. Muka tsaya a kan labaran ɗai-ɗai kyauta a shafi, littafin da aka haɗa kuma naira 500. Na buɗe Selar, wani dandalin sayar da kaya a intanet, na ɗora, tsarin ya yi, mutum ya biya fayil ya je masa ko ina barci. Amma mafi yawan masu saye ba sa son cika fom da imel, wasu ba su ma tuna kalmar sirrin imel ɗinsu ba tunda mai shagon waya ne ya buɗe musu. Abin da suka sani shi ne turo lambar asusu, su yi tiransifa ko su je wajen mai POS, su turo hoton rasit, in tura littafi. Haka na koma ina yi da hannu. Sau biyu aka turo min rasit ɗin da aka yi wa kwaskwarima, a kan naira 500 fa jama'a, tun daga nan sai na ga alat da idona. Na buɗe Google Sheets ina rubuta rana da adadi da ta inda aka biya, ƙarshen wata in cire na data da na haya in kai wa Kawu sauran a ambulan, don shi bai yarda da kuɗin da ba ya iya ƙirgawa da yawu ba.

Kwana huɗu da fitar littafin Auta ta turo min shi daga wani guruf na karatu da take ciki, an cire bangon an saka sunan guruf ɗin a sama. Na ji zafi, na yi tunanin saka wa fayil ɗin kalmar sirri, sai na ga mai turawa zai tura har da kalmar, wanda ya biya kuma na ƙara masa wahala. Abin da na yi kawai a bugu na gaba na saka sunan Kawu da adireshin shafin a ƙasan kowane shafi, ƙanana, yadda cire su sai an bi ɗaya bayan ɗaya. Da na gaya wa Kawu an sace littafinsa tambayar da ya yi ita ce mutum nawa ne a guruf ɗin, na ce sun kusa dubu, ya gyara zama ya ce to madalla.

Yanzu rigar nan ta sata. Wata safiya wani ya kira ni ya ce lafiya shafin Kawunka yake tallan caca? Na buɗe a laftof lafiya lau, na buɗe a wayar gwaji ta hanyar Google sai ya wulla ni wani shafin caca na ƙasar waje. Ashe rigar da aka ba ni kyauta da ƙofar baya ta zo, an dasa wani abu a ciki yana jira. Labaran dattijo mai ritaya, limamin unguwa na karantawa, ga mata da kati suna rawa. Na rubuta wa masu hayar wajen, amsa ta zo bayan kwana biyu cewa ajiyar da suke da ita ta kwanan nan ce kuma ita ma da cutar a ciki. Ni kuma ban taɓa ajiye kwafin shafin da kaina ba. Abin da ya cece ni rubutun duka yana Google Docs. Na share komai tas, na sake ɗora WordPress sabo, na ɗauki riga ta kyauta daga rumbun WordPress ɗin kansa, mara kwalliya, na canza duk kalmomin sirri, na sake liƙa labarai talatin da wani abu ɗaya bayan ɗaya da gyaran adireshinsu, dare uku, ana ɗauke wuta ina komawa waya. Abin haushin ma sabon ya fi tsohon saurin buɗewa nesa ba kusa ba. Na saka UpdraftPlus yana kwashe shafin duk sati yana kai wa Google Drive, cikin gigabayit 15 ɗin nan na kyauta, kuma duk ƙarshen wata ina saukewa a wani fulash daban. Da na ji OkadaBooks, wata manhajar Najeriya ta ɗorawa da sayar da littattafai, ta rufe a ƙarshen 2023 na ƙara da fulash na biyu da nake ajiyewa a gidan yayata.

Yadda muke tafiya yanzu ba wani abin burgewa. Rubutu da gyara a Docs, Auta ta bi, ni in bi. Ranar Juma'a da yamma in ɗora labari ɗaya a shafi, in kwafi sakin layi uku na farko in saka a tashar WhatsApp da muka buɗe bayan an kawo tsarin tashoshi a 2023, wadda ta fi min guruf don ba mai turo tallan atamfa ko ganin lambar wani. In labarai suka kai goma a haɗa PDF. Wasu marubuta biyu matasa sun shigo, sharaɗina ɗaya ne, a turo rubutu da ƙugiyarsa, wanda ya turo min da q da x in mayar masa da hoton yadda ake saka Hausa a Gboard.

Ranar da na kai wa Kawu littafin a waya bayan la'asar ne, yana zaune a kan buzu a ƙofar gida. Na buɗe masa na nuna masa yadda zai tura shafi da yatsa, ya saka tabarau ya riƙe wayar da hannu biyu nesa da fuska kamar allo. Ya yi shiru ya kai minti ashirin yana karatu, ni ina tsugune ina jiran a ce Allah ya yi albarka. Can ya ɗago ya ce zo nan, shafi na 37, wa ya ce maka ana haɗa ko ina? Na ce Kawu ai wasu suna haɗawa da karan ɗori. Ya ce wasu, ni na rubuta ko wasu? Na ce za a gyara. Ya ce kuma a labarin mai gyaɗa ka cire min karin magana guda, na ce maimaici ne Kawu, sau biyu ta zo, ya ce da gangan na maimaita, a mayar. Sannan ya ƙwala wa jikarsa kira ya ce ta shiga ɗaki ƙarƙashin gado ta jawo masa jakar nan mai ruwan ƙasa. Littattafan makaranta ne masu layi, sun fi ashirin, duk rubutun hannu da biro, wasu ruwa ya taɓa gefensu, waɗanda bai samu kuɗin kai wa bizines santa ba. Ya ce waɗannan ba sauri, ka gama su kafin azumi.